Na Rame Bayan Tiyata, Amma Jiri Da Suma Sun Hana Ni Sakat

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 39, 'ya'yana huɗu, ina zaune a Kano. Wata 7 da suka wuce aka yi mini tiyatar rage ƙiba a Alƙahira, irin wadda ake rage ciki a haɗa shi da hanji. Na tafi da kilo 126, yanzu ina 91. Gwiwoyina sun daina ciwo, sugana ya daidaita har suka ce in ajiye maganin tun ina can. Amma wata biyu ke nan jiri ya sa ni gaba. In na tashi daga kwance ko na ɗago daga sujada sai in ga duhu. Sau biyu ina faɗuwa sumammiya, ɗaya da asuba a ƙofar banɗaki, ɗaya a kicin. A gidan biki kuma na sha kunun aya da lemo, ba a jima ba gumi ya karyo mini, zuciyata kamar za ta fito, sai da na kwanta. Ina nan ina shan magungunan hawan jinina kala biyu kamar da, ɗaya mai sa fitsari ne. Sun ce in ga likita in na dawo, ban je ba, don ba na son a san abin da na yi. Maigida da yayata kaɗai suka sani. Bitamin ɗin da na zo da su sun ƙare. Yayata tana haɗa mini malt da madara wai jinina ne ya yi ƙasa. Dangin miji kuwa wasu na cewa sammu ne, wasu na raɗe-raɗin wata cuta ce ta ramar da ni. Ga azumi na matsowa. Anti, kuskure na yi ne? Ana iya mayar da cikin yadda yake?

'Yar'uwarki a Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu ƙanwata, sannu da jiki.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma a duka biyun wuri ɗaya na tsaya, inda kika ce kina shan magungunan hawan jini "kamar da". Likitan da ya rubuta su, mace mai kilo 126 ya rubuta wa. Kin sauke kilo 35 tun daga lokacin, kamar a ce kina yawo da jarkar ruwa mai lita 25 da wata mai lita 10 ne kika ajiye su. Abincinki yanzu bai fi cikin tafin hannu ba, gishirin da ke shiga jikinki ya ragu, ruwan ma ya ragu. Mutane da yawa hawan jininsu na sauka da kansa bayan wannan tiyata, wasu a rage musu magani, wasu a tsayar musu gaba ɗaya. Ke kuma jinin na sauka, ƙwaya na ƙara danne shi, ga mai sa fitsarin tana kwashe ɗan ruwan da kika sha da ƙyar. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Wannan shi ne abin da na fi zargi a kanki, kuma alhamdu lillahi yana cikin waɗanda suka fi sauƙin gyara.

Duk sanda mutum ya miƙe tsaye, jini kamar rabin lita ko fiye yakan gangara ƙafafu da mara. Mai lafiya ba ya jin komai, domin nan take jijiyoyin jini ke tsukewa, zuciya ta ɗan ƙara sauri, jini ya ci gaba da isa kai. In ruwan jiki ya yi kaɗan, ko magani ya hana jijiyoyin tsukewa, sai ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta na 'yan daƙiƙu. Duhun da kike gani ke nan. In ya ɗan daɗe, sai faɗuwa. Ki duba lokutan da kika suma. Da asuba kin kwana ba ruwa, kin diro daga gado kin nufi banɗaki. A kicin kina tsaye a kan wuta, zafi ya buɗe jijiyoyin fata, gumi na fita. Duka biyun lokutan da irin wannan jirin ya fi kama mutum ne.

Kina iya gwada wannan a gida tun yau da na'urar awon jini, maigida na kusa da ke. Ki kwanta minti 5 a auna. Ki miƙe tsaye a sake aunawa bayan minti 1, sannan bayan minti 3. A rubuta duka, har da bugun zuciya. In lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, ko ta ƙasa ta sauka da 10, to an kama ɓarawon. Ki yi haka da safe da yamma na kwana biyu ko uku ki kai wa likita takardar. Amma ina roƙonki kar ki zubar da magungunan da kanki. Akwai irin su atenolol da propranolol waɗanda in aka yanke su farat ɗaya zuciya kan rikice, sai an janye su a hankali. In kuwa kika ga lambar sama ta gaza 90 kina kuma jin jiri, kar ki haɗiyi ƙwaya ta gaba sai likita ya gan ki a ranar.

To ga maganar likitan. Na fahimci dalilin ɓoyewarki, na san bakin mutanenmu. Dangin miji ba su da haƙƙin sanin abin da ke cikinki in ba ki so ba. Likita dabam ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk wanda zai duba ki bai san an yi miki wannan tiyatar ba, maleriya da taifot zai bi, ya sa miki ruwa, ya ba ki maganin ciwon jiki, kuma a cikin waɗannan akwai abin da zai cuce ki. Ki je a wannan makon, wurin likitan cututtukan manya a babban asibiti. A Kano kuna da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake samun likitocin zuciya da na suga da masu ba da shawara kan abinci a wuri ɗaya. Ki ɗauki takardar sallamar da aka ba ki a Alƙahira, ki zuba duk magungunanki a leda da kwalayensu. Ki kuma tura wa waɗanda suka yi miki aikin saƙo ta WhatsApp ki faɗa musu kin suma sau biyu. Ka'idar wannan tiyata ita ce a yi awon jini a wata na 3, na 6, na 12, sannan duk shekara har ƙarshen rayuwa. Biyu sun riga sun wuce ki. Wannan ce babbar matsalar masu fita waje a yi musu aiki, a Masar ne, ko Indiya, ko Turkiyya: aikin na sa'o'i ne, kulawar bayansa ta shekaru ce, ita kuma a gida ake yin ta.

Akwai alamomin da in kika ga ko ɗaya, babu jiran mako, ko tsakar dare ne a tafi sashen gaggawa. Bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, ko aman jini, domin gyambo kan fito a inda aka ɗinke ciki da hanji ya riƙa zubar da jini a ɓoye. Ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, ko sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana zafi. Ciwon ciki mai tsanani, ko zuciya na bugawa fiye da 120 a minti kina zaune. Suma kina kwance ko kina zaune ba wani gargaɗi, ko faɗuwar da kika bugu a ka. Sai amai na kwanaki, da ganin abu bibbiyu, da ruɗewa, da tafiya kina tangaɗi. Na ƙarshen nan zan dawo kansa.

Ruwa. Jikinki na bukatar lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, wato ruwan leda uku zuwa huɗu, a bazarar Kano da zafi ke kaiwa digiri 40 kuwa har fiye. Cikin da aka bar miki bai fi girman ƙwai ba, don haka babu sauran kwankwaɗar kofi a tashi ɗaya. Kurɓa za ki riƙa yi yini guda, gora na hannunki kamar carbi. Ƙishirwa ba za ta tuna miki a kan lokaci ba, fitsari ne ma'auni: in ya yi duhu kamar shayi kuma kaɗan, kina baya. Kar ki haɗa ruwa da abinci, ki bari sai bayan minti 30. Ki ajiye kofi a gefen gado, in kin farka ki zauna a bakin gadon ki kurɓa, ki motsa ƙafafu na minti ɗaya ko biyu kafin ki miƙe. Ranar da kika yi gumi da yawa ko gudawa, ruwan gishiri da sukari na kemis a hankali zai taimaka. Zoɓo kuma ki ɗan dakata da shi, domin shi kansa yana saukar da jini.

Abin da ya same ki a gidan biki wani ciwon ne dabam, kuma gara ki iya bambance su. Tiyatarki ita ce likitoci ke kira baifas, kuma sunan ya dace, kamar titin da ke kewaye gari ne: abinci na tsallake mafi yawan ciki da farkon hanji. A da akwai ƙofa a ƙarshen ciki mai sakin abinci kaɗan-kaɗan. Yanzu ba a bi ta nan. In kika sha abu mai zaƙi, gaba ɗayansa yake zubowa cikin hanji, zaƙin ya jawo ruwa daga cikin jini zuwa hanjin, jijiyoyi su saki. Cikin minti 10 zuwa 30 sai gumi, faɗuwar gaba, murɗawar ciki, jiri, wani lokaci gudawa, mutum ya ji babu abin da yake so sai kwanciya. Likitoci na ce masa dampin. Kunun aya da dabino da sukari, a bi shi da lemon kwalba, ai babu abin da ya fi wannan tayar da shi.

Shi ya sa malt da madarar yayarki ya tsaya mini a rai. Allah ya saka mata da alheri, ƙauna ce ta sa, kuma duk mun taso muna jin cewa wannan haɗin yana ƙara jini. Ba ya ƙarawa, kusan babu sinadarin ayon, wato ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi, a cikinsa. Sukari ne da madara, kuma a cikinki na yanzu shi ne ainihin abin da ke kayar da mutum. A daina daga yau. Haka kunun zaƙi, da fura da nono mai sukari, da shayi mai kauri, da koko da aka zuba wa sukari, da zuma cokali-cokali.

Zaƙi na da wani sharrin na biyu da ke zuwa a makare, awa 1 zuwa 3 bayan ci. Suga ya hau da sauri, jiki ya sako insulin, sinadarin da ke saukar da suga, fiye da kima, sai sugan ya faɗo ƙasa warwas. Alamarsa karkarwa, gumi mai sanyi, yunwa mai tsanani, ruɗewa, har suma. Ya fi bayyana daga wajen shekara guda bayan tiyata, amma yana iya riga haka, kuma ba zaƙi kaɗai ke kawo shi ba, farar shinkafa da tuwonta da burodi da taliya duk suna yi. Tunda kin yi ciwon suga, na san kina da na'urar. Duk sanda jirin ya zo bayan cin abinci, ki auna a lokacin. In ya gaza 70, ko 3.9 a na'urar da ke ƙirga da ƙananan lambobi, ki jiƙa ƙaramin cokali 3 na sukari a ruwa kaɗan ki sha, ki sake aunawa bayan minti 15, sannan ki ci ƙwai ko gyaɗa don kar ya sake faɗowa. A nan kaɗai sukari ke zama magani. Jirin tashi tsaye ba ya jin sukari, ƙara shi ma yake yi.

Rigakafin duka biyun a faranti yake. Ki ci sau biyar ko shida a rana, kaɗan-kaɗan, ki tauna sosai. Ki fara da ƙwai, kifi, kaza, awara, alala, wake ko kindirmo marar sukari, sannan ganye, tuwo ya zo a ƙarshe loma biyu ko uku in akwai wuri. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta me kika ci, ƙarfe nawa, da ƙarfe nawa jirin ya zo, da me kike yi a lokacin. Mako ɗaya na wannan rubutun zai nuna wa likita abin da awo da yawa ba zai nuna ba.

Yayarki na iya yin gaskiya a abu ɗaya, wataƙila jinin naki ya yi ƙasa. Farkon hanjin da aka kewaye shi ne wurin da jiki ya fi tsotsar ayon, kuma mace mai al'ada tana asarar sa duk wata. Bitamin B12 na bukatar ruwan ciki kafin ya shiga jiki, shi ma an rage, shi ya sa da yawa allurarsa ake yi musu duk wata uku. Bitamin ɗin da suka ƙare miki na har abada ne, ƙanwata, wani ɓangare ne na tiyatar kanta. Na san suna da tsada. Ki gaya wa likita gaskiyar aljihunki ya haɗa miki daga abin da ake samu a nan. Ki nemi a auna yawan jini, da feritin wato ma'ajiyar ayon, domin tana iya ƙarewa tun jini bai nuna ba, da B12, da gishirin jini da aikin ƙoda, da awon zuciya na ECG. In an ba ki ƙwayar ayon, kar ki sha da shayi ko madara ko ƙwayar kalsiyam, ki raba su da awa biyu. Hanta da zogale da alayyahu suna taimako, amma ba za su cike gurbin ƙwayar ba.

Yanzu ga abin da na ce zan dawo kansa, kuma ina so maigida ma ya karanta. Bitamin B1 ba ya daɗewa a jiki, ajiyarsa ta mako biyu zuwa uku ce. Wanda aka yi wa wannan tiyata in ya yi ta amai ba ya cin abinci, tana ƙarewa. In a wannan halin aka kai shi kemis aka ɗaura masa ƙarin ruwa mai sukari ba tare da an fara ba shi B1 ba, ƙwaƙwalwa na iya samun lahanin da ba ya warkewa. Mu kuwa da mutum ya ce jiri, abin da ake fara cewa shi ne a sa masa ruwa. Kar ki yarda a ɗaura miki ruwa a gida ko a shago. A asibiti ma, kalmar farko da za ta fito daga bakinku ita ce an yi mata tiyatar rage ciki. Haka magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da piroxicam, da haɗe-haɗen da ake ƙullawa a leda ba suna, duk ki guje su, su ke haƙa gyambon da na ambata. Paracetamol ya ishe ki.

Wani abu da mata ke mantawa: ramewa na dawo da haihuwa, har ga wadda ta daɗe ba ta samu ba, kuma ƙwayar tsarin iyali ta sha ba ta da tabbas bayan baifas. Ana so a jira wata 12 zuwa 18 kafin ɗaukar ciki. Sabon juna biyu na kawo jiri, kuma wasu magungunan hawan jini na cutar da ɗan tayi. Ki yi gwajin juna biyu na fitsari kafin ma ki je asibiti.

Kafin a gano bakin zaren, ki ajiye tuƙi. Kar ki goya yaro, kar ki tsaya a kan mai mai zafi, ki sa kujera a kicin ki yi girki a zaune. Banɗaki kar ki sa sakata, ruwan wanka ya zama mai ɗumi kawai. Da kin ji duhun na zuwa, ki zauna ko ki kwanta a inda kike, ko a gaban wa ne. In kin suma, a kwantar da ke a ɗaga ƙafafunki a kan filo, kar a zaunar da ke, kar a ɗura miki ruwa ko madara a baki kina sume, yana iya wucewa huhu. In minti ɗaya zuwa biyu ya wuce ba ki farfaɗo ba, a juya ki gefe a nemi mota.

Salla kuma addini ya riga ya yi miki sauƙi. Sahabi Imrana ɗan Husaini, Allah ya yarda da shi, yana fama da basir ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Hadisin na cikin Bukhari. Ki yi a zaune ranar da jirin ya matsa, sauran ranaku ki ɗan zauna bayan sujada kafin ki miƙe. Azumi kuwa, ra'ayina ƙarara shi ne bana ba naki ba ne. Mai cikakken ciki na iya shan lita guda da sahur, ke ba za ki iya ba, kuma buɗa baki da dabino da kunu bayan yini guda shi ne dampin da kansa. Ko waɗanda ba sa suma, likitoci kan shawarce su da su dakata a shekarar farko. Ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun ba marar lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki. Ki ji daga likita, ki kai wa malamin da kika amince da shi abin da likitan ya ce.

Masu cewa sammu, ki ci gaba da azkar ɗinki da addu'a, ba sa hana zuwa asibiti. Sai dai kar ki sha rubutu ko jiƙo kofi-kofi, ko wani abin sa amai da gudawa wai don a fitar da sammu, a halin da kike ciki wannan na iya kai ki gadon asibiti. Masu raɗe-raɗi kuma, "likita ne ya sa ni rage ƙiba saboda suga da hawan jini" amsa ce ta gaskiya, kuma ta wadatar.

Kin tambaya ko kuskure kika yi. Mace mai kilo 126 da suga da hawan jini da gwiwoyin da suka gaji, wadda yau ta ajiye maganin suga tana tafiya ba ciwo, ban ga kuskure a neman maganin da kika yi ba. Inda aka yi sakaci shi ne wata bakwai ba likita, kuma wannan ana gyara shi da zuwa ɗaya. Baifas ana iya warware shi, amma babbar tiyata ce mai nata haɗarin, ba a yin ta sai an gwada komai ya ƙi, kuma sau da yawa ƙiba da suga na dawowa. Wata irin tiyatar dabam, wadda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na ciki a cire, ita ce ba ta mayuwa sam. Ke ba ki kai ga maganar warwarewa ba, ko kusa. Ba a taɓa duba magungunanki ba tukuna, ba a auna jininki ba, ruwan da kike sha ba a ƙirga ba.

Ki sake rubuto mini bayan kin ga likita. Ina son in ji lambobin da na'urar ta nuna a kwance da a tsaye, da abin da aka yanke a kan ƙwayar fitsarin, da sakamakon feritin. Ki gaishe mini da yayarki, ki ce mata in tana son ta haɗa miki wani abu, farfesun kifi ko na hanta za ta yi. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa.